Tsarabar Epe: Kada Ka Haɗa Kifi Mai Ƙaya da Jatan Lande a Kula Ɗaya

Mai karatu, in kana zaune a Legas kuma ba ka taɓa zuwa kasuwar kifi ta Oluwo da ke Epe ba, ka ware wata Asabar ka yi sammako. Kasuwar tana bakin ruwa. Tun kafin rana ta ɗaga za ka tarar kwale-kwale suna sauke kaya, mata 'yan kasuwa na kiran ciniki, ga tarwaɗa na motsi a baho, ga ƙaguwa da jatan lande tuli-tuli. Da wuya ka fito hannu rabbana.

To, a nan gizo ke saƙa. Mutum ya sayi wannan ya sayi wancan, ya zuba duka a kula ɗaya, ya jefa a but, ya kama hanyar Lekki cikin cunkoso da zafin rana.

Fara da mai ƙaya. Kurungu da obokun, wanda Yarabawa ke ji da shi, suna da ƙayoyi masu tauri a baya da gefe. Kunamar ruwa, faffaɗan kifin nan mai doguwar jela, dafinta yana jikin ƙayar jelar, kuma tana iya yi maka rauni ko bayan ta mutu. Wannan dafi ba ya cikin tsoka, zafin girki ma yana lalata shi. Haɗarin yana kan hannun uwargida da za ta lalubi cikin kular. Don haka ka sa a yanke ƙayoyin tun a kasuwa. Masu nutso a teku ma mazubi daban suke ware wa irin wannan kifi. In ƙaya ta soki wani, a tsoma wurin cikin ruwan zafi da fata za ta iya jurewa na minti 30 zuwa 90, sannan a tafi asibiti.

Talibambam, mai kumbura kamar ƙwallo, shi kam daban ne. Gubarsa tana cikin jikinsa, musamman hanta da ƙwai, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Bar shi inda ka gan shi.

Su kuwa jatan lande, ƙaguwa da kawa, saurin lalacewa ne matsalarsu. Kawa tana tace ruwa ne ta ci, shi ya sa take tara ƙwayoyin cuta. Idan ƙaya ta huda leda, jini da yauƙin kifi suka gauraya da su a cikin ɗumi, kafin ka isa gida an sami matsala.

Dabarar ba ta da tsada: kula biyu, ko robobi masu murfi daban-daban, da ƙanƙara isasshiya. A riƙa tsiyaye ruwan da ya narke. Kawar da bakinta ke buɗe, aka ƙwanƙwasa ba ta rufe ba, a zubar. Haka wadda aka dafa ta ƙi buɗewa. Ƙaguwar da ta mutu tun a hanya, kada a yi mata ƙwauron zubarwa. Komai ya dahu sosai, musamman in akwai mai ciki, yara ko mai ciwon hanta a gidan.

Je ka Epe, ka sha iskar bakin ruwa, ka yi ciniki son ranka. Amma ka sayi ƙanƙararka kafin ka fara taya kifi.