Garin da Ka Sani da Kasuwarsa Kaɗai

Mu 'yan kasuwa akwai mu da yawan garuruwa a baki. Ka zauna da ɗayanmu ya jero maka Madani, Kosti, Gadarif, Umdurman, Jidda har Alƙahira, sai ka ce ai wannan ya ga duniya. To, tambaye shi me ya gani a can. Tasha, kasuwa, masauki, sai masallacin da ya fi kusa da rumfar dillalinsa. Abinci kuwa, ya nemo inda 'yan gida ke tuƙa tuwo, ya ci a gurguje, ya koma kan lissafi. Shekara ashirin yana shiga gari, bai taɓa ɗanɗana miyar mutanen garin ba.

Abin da ya tayar mini da wannan magana ɗan ƙanena ne da ke sayar da kaya a Sifaniya. Ya ajiye sana'a kwana uku, ya ɗauki matarsa suka tafi birnin Granada. Ya turo mana hotunan Alhambra, fadar da sarakunan Musulmi suka gina a kan tudu, bangonta cike da rubutun Larabci, ruwa na gudana a tsakar gida. Ya ce mini, "Baffa, sai da na sayi tikiti tun saura kwanaki, saboda yawan jama'a." Sun ci soyayyen kifi, da wainar ƙwai da dankali, da wata miyar tumatir da ake sha da sanyinta. Nan take wasu a dangi suka ce yaro ya samu kuɗi ya fara almubazzaranci.

Ni ban ga almubazzaranci ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne lissafin shekaru. Granada ta fita daga hannun Musulmi a 1492. Bayan shekara goma sha biyu, a 1504, Amara Dunƙas ya kafa daular Funj, hedikwatarta Sinnar, ta kuwa daɗe har 1821. Malaman Sudan sukan ambaci waɗannan biyu tare. Kuma Sinnar ɗin nan, daga Mai Wurno ba ta kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa zuwa can ba don saro kaya ko ganin likita ba?

Kafin yaƙi, rana ta uku ga ƙaramar Sallah nakan kulle shago in kwashi iyali mu tafi. Mukan fara da fatur a bakin kasuwa: ful da man riɗi da albasa, da ta'amiya mai zafi, kowa da burodinsa, kwano ɗaya. Daga nan sai madatsar ruwa, wadda mutanen nan ke kira hazzan. An gama gina ta a 1925, tsawonta ya kai kilomita uku. In ka tsaya a gefenta ka ga inda babbar hanyar ruwa ta balle ta nufi gonakin Jazira, ka ga tushen audugar da kakanninmu da yawa suka tsinta da hannunsu. A nan nake ba yara labarin yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a har suka zauna a bakin wannan kogi. Labarin da yaro ya ji yana kallon ruwa ya fi zama a kansa a kan wanda ya ji yana gyangyaɗi a tsakar gida.

Da azahar sai kifi. Bulɗi, wato karfasa, a soya shi a gabanka, a kawo shi da shaɗɗa da lemun tsami. Uwargida takan ce, "Malam, a ƙaro kisra," don ita ta fi son kisra da mulah na busasshiyar kuɓewa. In aka natsu, ai miyarmu ce, hannu ne ya bambanta. Sai mu zauna wurin mai shayi a kawo jabana da citta, yara kuma ayaba da mangwaro na lambunan bakin kogi. Da yamma ga masu agashe sun hura wuta. Wannan tsiren namu ne, har sunansa Hausa ne, amma yau duk Sudan ana cin sa. Yaron da ya ga Balarabe a layi yana jiran agashe, shi kuma da kisra a cikinsa, ya gane cewa zaman nan ba na baƙo da mai gida ba ne kawai. Kowa ya ci daga kwanon ɗan'uwansa.

Nawa muke kashewa? Bai kai ribar rana biyu ba. Kuma ko ta fuskar ciniki ba asara ba ce. Wanda ka ci abincinsa ka yaba, gobe da wata fuska zai karɓe ka a rumfa.

Daga Afrilun 2023 kowa ya san abin da ya same mu. Madani ta faɗi a Disamban wannan shekara, Sinja a tsakiyar 2024, hanyoyi suka rufe, kasuwanni suka watse. Gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum an wawashe shi. Na san mutane da yawa da suka yi shekaru suna wucewa ta ƙofarsa da kaya a mota suna cewa wata rana. Abin da aka kwashe daga ciki, wa ya san ranar dawowarsa?

Don haka ɗan'uwa, duk inda neman abinci ya kai ka, ko Fatakwal ne ko Jidda ko Barcelona, ware rana ɗaya a shekara. Tambayi mutanen garin abin da suke alfahari da shi, ka je ka gani. Tambayi abin da suke ci, ka tabbatar halal ne, ka yi bismillah. In iyali na kusa, tafi da su. Kasuwa tana nan gobe in Allah ya kai mu, amma yara ba sa jira, garuruwa ma, kamar yadda muka gani da idonmu, ba kullum suke jira ba.