Ciwon Da Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil, ta ratsa Birnin Kudu, ta miƙe zuwa Gwaram da Basirka har ta faɗa ƙasar Bauci, zai ga ƙasa mai duwatsu da gonaki, ƙauyukanta a warwatse, waɗansu a bakin titi, waɗansu can cikin lungu inda in damina ta kankama sai babur ko amalanke. Mutanen wannan ƙasa, waɗanda ni ma ɗaya ne daga cikinsu, an san su da haƙuri. Mutum ya kan kwana uku yana fama da ciwo, in ka gaishe shi ya ce, "Da sauƙi." Wannan hali abin yabo ne, ba na kushe shi. Amma cuta iri biyu ce: akwai wadda ta ke ba mutum lokaci ya yi shawara, ya sayar da akuya, ya jira ranar kasuwa; akwai kuma wadda in ta kama mutum da magariba, kafin asuba ta gama aikinta. A kan wannan ta biyun na ke so mu yi magana, domin ita haƙuri ba ya maganinta, sai gaggawa.

Na lura cewa irin waɗannan cututtuka su ma kamar manoma su ke, kowace da lokacinta. In hunturu ya ja baya, iska ta bushe, zafin bazara ya fara gasa mutane, to, lokacin sanƙarau ne. Manyanmu ba su manta da shekarar 1996 ba, sa'ad da wannan ciwo ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a nan Arewa. A lokacin Jihar Jigawa ba ta wuce shekara biyar da kafuwa ba. Ƙwayar cutar ta kan bi numfashi da tari daga wani zuwa wani, musamman a ɗakin da aka cunkushe ba taga. Farkonta ya kan yi kama da zazzaɓin da muka saba, shi ya sa ta ke yaudarar mutane. Amma ga inda suka rabu: zazzaɓin ya kan zo farat ɗaya da zafi ƙwarai, kai ya yi kamar zai tsage, majiyyaci ya ƙi haske, ya yi ta amai, wuyansa ya sandare har in ka ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji sai ya kāsa. In abin ya yi nisa sai ya fara sambatu, ko barci mai nauyi wanda tashinsa ke da wuya.

Jariri kuwa ba shi da bakin da zai ce kansa na ciwo, saboda haka Allah ya bar wa uwa wata 'yar ƙofa a tsakiyar kansa, watau maɗiga. In jariri yana zazzaɓi, ya ƙi nono, yana kuka mai tsini, aka ga maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, kada a tsaya shafa mata komai. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana guda, wanda ya tsira bayan an makara kuwa sau da yawa ya kan kurumce. Maganinsa allura ce ta asibiti, kuma kowace sa'a da aka ɓata tana rage amfaninta. Rigakafi ma akwai: a watan Maris na 2024 aka fara yin wata sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar wannan cuta, Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta yi amfani da ita a duniya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da aka soma da su, tare da Bauci da Yobe.

Da ruwa ya sauka, sai sanƙarau ya ja da baya, amai da gudawa su karɓi fili. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Abin da ke kisa a wannan ciwo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka ga mutum da safe garau, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, in ka tsunkuli fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma da sauri ba, fitsari ya ɗauke. A nan ma maɗiga ta kan yi magana, sai dai wannan karon faɗawa ta ke yi. Tsofaffinmu su kan ce ciwon maɗiga ne, su liƙa mata magani, alhali kuwa ƙishirwa ce ta jiki duka ta bayyana a wurin. Abin yi tun kafin a sami mota shi ne a yi ta ba majiyyaci ruwan gishiri da sukari. In ba a sami na ƙunshi wanda a ke sayarwa a kemis ba, sai a sami lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai, mai shan nono kuma kada a hana shi nono. In ya kāsa sha, ko ya galabaita, to, sai ƙarin ruwa a asibiti.

Cikin daminar nan kuma zazzaɓin cizon sauro ya kan hau kan yara har su sanƙame. Na sha ganin yadda a ke yi in haka ta faru: wannan ya nemo cokali ya cusa wa yaro a baki, wancan ya ɗura masa ruwan rubutu ko manja. Duk ƙauna ce ta kawo haka, amma ƙaunar da ke iya shaƙe yaro. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi komai ta baki, domin abin huhu zai nufa. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufa, a goge jikinsa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sa'an nan a ɗauke shi a tafi.

Kaka kuwa lokacin maciji ne, sa'ad da a ke girbi da tattara kara. Wanda ya fi yi mana ɓarna shi ne kububuwa, 'yar ƙarama mai mugun dafi. Makircinta shi ne wanda ta sara ya kan ga kamar ya tsira, sai bayan wani lokaci jini ya fara fita daga dasashi, ko a fitsari, domin dafinta hana jini daskarewa ya ke yi. Saboda haka tsaga wurin da aska ƙara buɗe wa jini hanya ne. Ɗaure ƙafa tamau da igiya kuwa ya sa an yanke ƙafafu da dama. A cire zobe ko abin hannu tun kafin kumburi, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa inda a ke da allurar kashe dafi.

To, akwai wani ciwo wanda ba shi da bazara ba shi da damina, shi ne kuma ya fi ci mini rai, watau jijjiga ta masu ciki. Wata shekara, a wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, na je gaisuwar rasuwar wata yarinya mai cikin fari. Da na tambayi yadda aka yi, sai wata dattijuwa ta ce mini, "Malam, ai kwana huɗu tana cewa kanta, kuma tana ganin wuta-wuta. Fuskarta ta cika, muka ce ƙibar ciki ce." Daren da ta faɗi, mijinta yana ci-rani a kudu, ba wanda ya yarda ya fitar da matar wani ba da izninsa ba. Aka ce iska ce, aka yi ta turare har gari ya waye. Ko da aka sami mota, rai ya yi halinsa.

Duba, ya kai mai karatu, ciwon nan bai zo a ɓoye ba, sai da ya yi sallama kwana huɗu. Hawan jini ne na ciki, wanda ya kan bayyana bayan ciki ya wuce wata biyar, ya fi kuma kama masu cikin fari. Alamunsa su ne ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Awon da malamar asibiti za ta yi cikin minti biyu ya isa ya tona shi: in jini ya kai 140 bisa 90, akwai magana. Maganinsa kuwa ba mai tsada ba ne. A shekarar 2002 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi da mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, wanda ya nuna allurar maganiziyam salfet tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Haka kuma zubar jini bayan haihuwa: in mai jego ta jiƙa zane bayan zane, tana jiri, jikinta ya yi sanyi, sa'a biyu ta isa a rasa ta.

Masana sun ce jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku akwai haƙƙin hukuma a ciki, ta gyara hanyoyi, ta ajiye ma'aikata da magani da jini, kuma wajibi ne mu riƙa tuna mata. Amma na farkon namu ne, ba wanda zai ɗauke mana shi. Ga Asibitin Tarayya a Birnin Kudu, ga asibiti a Gwaram, ga ƙananan asibitoci a garuruwa, amma ba ɗayansu da zai iya warkar da wanda aka bari a ɗaki.

Saboda haka ina roƙon kowane magidanci abu uku. In za ka yi tafiya, ka tara mutanen gidanka ka ce, "In ciwo ya tashi, na ba da izni, kada a jira ni." Ka san mai motar da za ka buga wa ƙofa da tsakar dare, ka riƙe lambar wayarsa. In ka sayar da amfanin gona, ka ware wani abu ka ce wannan na asibiti ne, kada biki ya ci shi. Iyaye mata kuma su gaya wa 'ya'yansu cewa kunyar ɗan fari tana da iyaka: a ɓoye sunansa, amma kada a ɓoye ciwonsa.

Na san akwai mai cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, ba mai ja da wannan. Amma mu ɗin nan da muka san arziki na Allah ne, ba mu taɓa ƙin fita gona ran da aka yi ruwan shuka ba. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. A yi wa majiyyaci addu'a yana cikin mota. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, kullum a baya ta ke. Allah ya ba mu idon gane alama, da zuciyar tashi da wuri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.