Lokacin da Ɓarawo ke Tsoron Wayewar Gari

Waɗanda suka yi wayo a Birnin Kebbi ko Argungu tun kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 ba su manta yadda sata take ba. Ɓarawon shanu dare yake jira, ya lallaɓo ruga da sanda da adda, ya kora biyu ko uku yana sauri kada gari ya waye masa a hanya, domin da an yi kururuwa maharba za su bi sawu, a kasuwa kuma dillalai sai sun tambayi asalin saniya kafin a yi ciniki. Bindigar da muka sani ita ce harba-ka-ruga: a ɗura albarushi, a danna da tsumma, a harba sau ɗaya. Aikinta farauta ne da ƙawata hawan Sallah.

Yau da tsakar rana ɓarayin suke shigowa, uku-uku a kan babur, kowa da AK-47.

Ku matasa, ku sani ba bindiga kaɗai ta sauya ba, satar ce ta zama sana'a mai iyayen gida da yara. Rikicin manoma da makiyaya a Zamfara ya haifar da dabobin 'yan bindiga a daji, rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ta ƙara kwararar makamai ta hamada, aka samu mai kai fetur, mai kai harsashi, da mai kai rahoto daga cikin gari. Daga shanu aka koma satar mutane, kuɗin fansa kuma su sayo ƙarin bindigogi. Ranar 17 ga Yuni 2021 aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Wasu 'yan matan sai a 2023 suka ga iyayensu.

Sai ga Lakurawa ta iyakar Nijar, masu karɓe dabbobi da sunan zakka. A Nuwambar 2024 suka kora shanun Mera, a ƙaramar hukumar Augie. Mutanen gari suka yi abin da suka gada daga iyaye, suka bi sawu. An kashe mutum 15.

Jaruntar mutanenmu tana nan yadda take. Amma wanda ake bi a yau ƙungiya ce mai kuɗin shiga da hanyar samun makamai. Toshe waɗannan hanyoyi aikin hukuma ne, kuma ba adalci ba ne a bar wa manomi shi.