Wa Ya Ɗauko Mazan Jiya Daga Bakin Daga?

A ƙasar Tasawa, daga Urafan har zuwa iyakar Mayahi, akwai gidajen da har yau ke ɓoye da kayan mazan jiya: lambar girma mai tsatsa, ko littafin soja da gara ta ci gefensa. Jikoki sun riƙe labarin jirgin ruwa da na sanyin Faransa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, sa'ad da harsashi ya kayar da mutum, wa ya ɗauke shi?

Mai neman amsa zai fara cin karo da 'yan sa-kai masu tuƙa motocin ɗaukar masu rauni. A shekarar 1915 wani Ba'amurke, Piatt Andrew, ya shirya ƙungiyar American Field Service, tun ƙasarsa ba ta shiga yaƙi ba. Samari ne, galibi 'yan jami'a, suna tuƙa ƙananan motocin Ford da dare ba fitila. Sun yi aiki a Verdun a 1916, inda sojojin Afirka suka taimaka wajen ƙwato ganuwar Douaumont ranar 24 ga Oktoba. A yaƙin Hitila ƙungiyar ta sake tashi da direbobi 2,196. Akwai kuma asibitin tafi-da-gidanka na Hadfield-Spears, ƙarƙashin Mary Borden, wanda ya bi sojojin Digol daga hamadar Libiya zuwa Italiya da Faransa.

A nan sai an yi hattara, domin zumuɗi yana ɓatar da mai bincike. An san waɗannan 'yan sa-kai sun kasance a Bir Hakem a 1942, amma baƙaƙen sojojin da aka fi sani a wurin na Ubangi-Shari ne. Cadi ta bi Digol tun 26 ga Agusta 1940, ita kuwa Nijar ta zauna hannun gwamnatin Vichy har Nuwamba 1942. Saboda haka sawun mutanen Tasawa ya fi kyau a neme shi a faɗan Faransa na 1940, da kuma saukar Provence ta 15 ga Agusta 1944.

Babban abin takaici yana cikin takardun kansu. Direban Nasara ya rubuta wa uwarsa wasiƙa, ya ɗauki hoto, bayan yaƙi ya wallafa littafi, ƙungiyarsa ta adana sunansa a Nuyok. Wanda aka kwantar a bayan motar kuwa, sau da yawa kalma ɗaya ce rabonsa: “Basanagale”, ko da Bagobiri ne ko Bakatsine. Ba a yi wa direbobin nan hassada, sun sayar da rai, wasunsu ma can suka kwanta. Sai dai mota ba ta shiga ramin yaƙi. Kafin mai rauni ya isa gare ta, wasu ne suka ɗauko shi a kan gadon tamfol cikin taɓo da ruwan wuta, kuma a bataliyoyin Afirka akasari 'yan uwansa ne baƙaƙe. Su ne ba su bar wasiƙa ba. Abin ba baƙo ba ne a wannan ƙasa: kowa ya san kabarin Voulet da na Chanoine a Maijirgi, amma mutanen da ayarinsu ya hallaka a 1899 ba su da allon suna.

Duk da haka hanya ba ta toshe ba. Takardun aikin sojojin mulkin mallaka suna birnin Pau. Na asibitocin soja suna Limoges, kuma can ne ake iya ganin ranar da aka kwantar da mutum da irin rauninsa. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta tafiyarta kullum suna Vincennes. Wanda ya san bataliya da rana yana iya gano wace ƙungiyar motoci ce ke aiki a wannan yanki. Rahotannin ɗaukar soja suna Dakar da gidan ajiyar takardu na ƙasa a Yamai. Wahalar ita ce suna: magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ya mai da sunan gari na uba, ya ƙiyasta shekarar haihuwa da ido. Lambar soja da shekarar ɗauka su ne mabuɗi, kuma suna cikin littafin nan da ke ƙasan adaka.

Saurayin da ke da shekara 20 a 1944 yau ya haura 100, don haka bakin farko ya kusa rufewa. Saura matan da suka aura daga baya, da 'ya'yan da suka ga tabon suka ji yadda aka same shi. Ɗan kasuwar da ke sauka Urafan ran kasuwa, da malamin lakwal da aka tura ƙauye, sun fi masanin Paris kusa da waɗannan bakuna. Kayan aikin ba su wuce salula mai ɗaukar murya da hoton shafin farko na littafin sojan ba, sai goro na gaisuwa.