Ƙauyen Da Jirgi Ya Daina Tsayawa

Yau sai ku ɗaura ɗankwali mu tafi Ingila, mu leƙa wani ɗan ƙauye da ake kira Adlestrop, a lardin Gloucestershire, kamar mil 3 gabas da garin Stow-on-the-Wold.

Ƙauyen ƙarami ne ƙwarai, mutum 120 aka samu a cikinsa a ƙidayar 2011. Gidajensa na dutse ne mai launin zuma, ƙasar kuwa ta tuddai ce, tun zamanin da ta yi suna wajen kiwon tumaki da cinikin ulu. Amma kada ku raina shi. Sunansa na cikin babban littafin ƙidayar ƙasa da Sarki William ya sa aka rubuta a 1086. Shahararriyar marubuciyar nan Jane Austen ma ta sha zuwa nan ziyara, don limamin cocin ƙauyen, Thomas Leigh, ɗan'uwan mahaifiyarta ne. Zuwanta na ƙarshe a 1806 ne.

A 1853 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Oxford zuwa Worcester, aka yi wa ƙauyen tasha can kusa da kogin Evenlode. Ku da kuka san tasha kun san abin da take jawo wa gari: a kawo gawayin kwal da wasiƙu, a ɗauki amfanin gona, mai ziyara kuma ya isa ga dangi ba wahala.

Ran 24 ga watan Yuni 1914, da tsakar rana, jirgin da ya taso daga Landan ya ɗan tsaya a wannan tasha. A cikin fasinjoji akwai wani marubuci, Edward Thomas. Bai ko sauka ba, sai dai ya rubuta abin da ya gani a ɗan littafinsa na aljihu. Bayan kamar mako 6 Ingila ta shiga Yaƙin Duniya na Farko. Thomas ya tsara waƙa ya sa mata sunan ƙauyen, ya shiga soja, aka kashe shi a Arras ta Faransa ran 9 ga Afrilu 1917. A shekarar nan aka buga waƙar, ta kuwa bazu ko'ina cikin ƙasar.

To, amma suna ba ya biyan kuɗin tikiti. Da motoci suka yawaita, reluwe ta fara asara. A 1963 Dokta Beeching ya ba da shawara a rufe tasha fiye da 2,300 da hanya wajen mil 5,000. Ran 3 ga Janairu 1966 aka rufe tashar Adlestrop, daga baya aka rushe ta. Har yau jirage suna bin hanyar, sai dai su wuce fuu! Mai son shiga sai ya nemi Kingham ko Moreton-in-Marsh. Ku duba, wa irin wannan ya fi ƙuntata wa? Ai tsohuwar da ba ta da mota, da yarinyar da ke son zuwa birni neman aiki.

Abu ɗaya ya tsira. Allon da ke ɗauke da sunan tashar an kai shi cikin ƙauyen, an kafa shi a rumfar jiran bas, tare da bencin tashar, an manna waƙar a jikinsa. Baƙi na zuwa daga nesa don su zauna a kai.

Ashe da mutum ɗaya bai ciro fensir ba, da wa zai tuna da wurin? Ke 'yar makaranta, in akwai tsohuwar tasha ko kasuwa ko rijiya a garinku, je ki durƙusa gaban kakarki ki tambaye ta labarinta, ki rubuta tun tana da rai. Ki aiko mana, mu buga a wannan fili.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.