Zarton da ya dace da mai ƙera ƙananan gine-gine a kan hanya



Yawancinmu da muka tashi a Arewa mun yi motar kara. Karan dawa, ƙaya da tsohuwar reza su ne kayan aikinmu, kuma babu wanda ya taɓa tambayar mu awo. Yau 'ya'yanmu da ƙannenmu a nan Legas sun ɗauki wannan wasa sun mai da shi karatu da sana'a. Akwai masu karatun zanen gine-gine da ake buƙatar su kai ƙaramin samfurin gida kafin a ba su maki, akwai kuma masu ƙera wa dillalan gidaje samfurin rukunin gidaje a biya su. Da yawansu ba a wuri ɗaya suke zaune ba: yau Agege, gobe Ibadan, jibi an kama hanyar Zariya ko Kano. Tambayar da suka fi kawo mana ita ce wane zarto za su saya wanda zai shiga jaka kuma ya yi aiki mai tsabta. Mun zauna da masu sana'ar a cikinmu, ga abin da muka tsayar.

Mu fara da awo, domin shi ne tushen maganar. A ma'aunin 1:100, mita ɗaya ta gini santimita ɗaya ce a samfuri. Ƙofa mai faɗin santimita 90 za ta koma milimita 9. Ke nan idan zarto ya ci milimita ɗaya fiye da kima, an rage wa bango santimita 10 na gaske. Zarton kafinta, mai haƙora 7 zuwa 10 a kowane inci, ba zai yi wannan aiki ba. Zai yage siririn katako ne kawai. Ƙa'idar masu aikin hannu ita ce aƙalla haƙora uku su kasance a kan abin da ake yankawa a lokaci guda. Duk yadda abu ya ƙara siranta, haka ake son haƙoran su ƙara ƙanƙanta.

Na farko da muke ba da shawara shi ne siririn zarto mai ƙarfe a gadon baya, wanda kamfanoni irin su Zona da X-Acto ke yi. Haƙoransa kan kai 40 zuwa 50 a inci, kaurin bakinsa bai wuce rubu'in milimita ba. Ƙarfen bayan yana hana shi lanƙwasa, shi ya sa yankansa ke miƙewa sak. Amma wannan ƙarfe shi ne kuma iyakarsa, don ba ya nitsewa cikin katako mai kauri. A haɗa shi da ɗan akwatin yanka mai tsaga ta kusurwa 45 da 90, sai kusurwoyin rufi da na taga su haɗu ba giɓi.

Na biyu shi ne zarton maƙeran zinariya, mai siffar baka da baki siriri kamar zare. Shi ke yanka lanƙwasa: bakan ƙofa, ƙubba, zagayen taga. Ana huda rami a zura bakin a ciki, a ɗaure, a yanke tsakiyar allo ba tare da an taɓa gefensa ba. Haƙoran su fuskanci mariƙi, domin a ja yake ci. Bakinsa na karyewa da sauri, don haka a saya dozin, kuma a riƙa goga masa kyandir.

Na uku shi ne ƙaramin zarton ƙarfe mai baki milimita 150. Shi ne mafi araha, ana samun bakinsa a kusan kowane shagon kayan gini daga Legas har Kano. Yana yanka waya, siririn bututu da roba, sai dai aikinsa bai kai na farkon kyau ba.

Matasa da dama hankalinsu na kan ƙaramin zarton lantarki na kan tebur, irin na Proxxon. Ga mai shago na dindindin da aiki mai yawa, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Ga matafiyi kuwa, nauyi ne, kuma ranar da aka sauka a masaukin da babu wuta, aiki ya tsaya. Yakan kuma narkar da robar nan mai kama da gilashi idan aka matsa masa. Irin wannan roba, in siririya ce, gara a ja mata layi da wuƙa mai ƙugiya a karya. Kwali da lallausan katakon balsa su ma wuƙa da rular ƙarfe sun ishe su.

Sai batun hanya. A jirgin sama ba a yarda zarto ko wuƙa su shiga jakar hannu ba, dole su bi kayan da ake aunawa. Batirin lithium na ajiya kuma akasin haka ne, a jakar hannu ake ɗaukar sa. A mota, a tara kayan aiki cikin akwati ɗaya tare da rasit da katin makaranta ko na sana'a, don in an tsaya a shingen bincike bayani ya yi sauƙi. Danshin Legas na kawo tsatsa cikin 'yan kwanaki, saboda haka a shafa wa baki man keken ɗinki, a naɗe shi a kwali.

Ga ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, ya fara da siririn zarton nan da akwatin yankansa, da wuƙa da rular ƙarfe. In aiki ya kawo kuɗi, ya ƙara na maƙeran zinariya. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da wannan buƙata, kada mu ɗauke ta wasa. Makin shekara guda na iya rataya a kan samfuri ɗaya. Wanda ke da kayan aikin da ya daina amfani da su, ya taimaka wa na baya.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kai matafiyanmu lafiya.