Sunan da Na Tsallake

Shekarun baya na rubuta wa wata mujalla maƙala kan ƙungiyar besbol ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles a Amurka. Labarin kocinsu, Rod Dedeaux, shi ya ja hankalina. Wasa biyu kacal ya buga wa ƙungiyar Brooklyn Dodgers a 1935. Daga baya ciwon baya ya raba shi da fili, ya kafa kamfanin motocin dakon kaya, ya kuma shafe kaka 45 yana horar da ɗalibai, daga 1942 zuwa 1986, a kan albashin dala ɗaya a shekara. Ta hannunsa su Tom Seaver da Fred Lynn da Mark McGwire da Randy Johnson suka bi. Ya ɗauki kofin jami'o'in ƙasar sau biyar a jere, daga 1970 zuwa 1974. Sai na rufe da cewa kofuna 11 ya ci, kuma shi kaɗai ya kafa harsashin a 1948.

Kwana uku da fitowar mujallar, tsohon malamina, wanda ya yi karatu a Amurka, ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, mujallar na kan gwiwarsa, ya ja layi da jan biro ƙarƙashin 1948.

"Ɗana, ina ka kai Sam Barry?"

Na sunkuyar da kai. Na san sunan. Na gan shi a jerin masu horarwa, gefe da gefe da na Dedeaux, na tsallake shi da gangan, don labarin gwarzo ɗaya ya fi daɗin tsarawa.

"Malam, gani na yi zai tsawaita zancen."

"Ka taƙaita zance, ka danne haƙƙin mamaci."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Barry ne ya horar da Dedeaux lokacin yana ɗalibi. Da aka kira Barry aikin sojan ruwa a 1942, ɗalibin nasa ya riƙe masa ƙungiyar. Da ya dawo bayan yaƙi, sai suka ci gaba da jan ragamar tare. Tare suka doke Jami'ar Yale a wasan ƙarshe na 1948 a garin Kalamazoo, cikin 'yan wasan Yale ɗin har da George Bush babba, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya. Barry ya rasu a 1950, bai ga sauran kofuna goman ba. Guda ɗayan da ya gani da idonsa, shi na ƙwace masa da alƙalamina.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba rashin sani ya kai ni ba. Gaskiya na sassaƙe don labarina ya yi kyau, kuma wanda na sassaƙe malami ne, ba ya raye balle ya kare kansa.

A fitowa ta gaba na buga gyara da sunana, na kai wa Malam kwafi har zaure. Ya karanta, ya rufe jan bironsa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Tun daga ranar, duk tarihin ƙungiyar da zan rubuta, sai na bi jerin masu horarwa tun daga sama, suna bayan suna, ina tambayar wa ya koya wa wa. In na ga sunaye biyu a shekara ɗaya, biyun nake rubutawa.